Sulke, lifidi da laya: jikin wa aka tsare a yaƙin ƙasar Hausa?

Gozaki, da ke ƙaramar hukumar Kafur a Jihar Katsina, gari ne da ba kowa ke jin sunansa ba a yanzu, domin Funtuwa da Malumfashi sun sha gabansa. Amma kafin jirgin ƙasa ya iso Funtuwa, kafin Galadiman Katsina ya tare a Malumfashi, Gozaki da Maska su ne manyan biranen kudancin ƙasar Katsina. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi bayaninsu a littafinsa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981. Ƙasa ce mai laka da wadatar ruwan sama, dawa na yi, auduga na yi, ga masaƙa ga marina. Sannan ga inda Allah ya ajiye ta: Kano na gabas, Zazzau na kudu, Zamfara na yamma, birnin Katsina kuma can arewa, tafiyar kwanaki a kan doki. Garin da rumbunansa ke cike, hanya kuma ta shigo masa ta kowace kusurwa, ba ya rasa baƙin da bai gayyata ba.

Saboda haka tarihin kayan kare jiki a fagen fama ya shafi mutanen wannan yanki kai tsaye. Daga irin gonakinsu ake samun zaren da ake saƙa ƙyallen lifidi, kuma a kan irin gonakin nasu ake gwada ko lifidin ya yi aiki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, manomin da ya noma audugar kusan bai taɓa sa rigar ba.

Tarihin Kano, wato tsohon littafin sarakuna da Bature Palmer ya fassara a 1908, ya ce Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne sarkin Hausa na farko da ya shigo da lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke. Littafin ya haɗa wannan da yaƙinsa da Umbatawa, inda Kanawa suka yi asarar mutane da yawa. Wato wuya ce ta koya masa. Wannan ɗan labari ya ƙunshi kusan duk abin da za a ce game da kayan kariya a ko'ina a duniya: ba a ƙirƙiro su don ado ba, wani makami ne ya addabi mutane suka nemi maganinsa, kuma daga ranar da aka samu maganin, wani ya koma maƙera yana neman makamin da zai huda shi.

Makamin da ya addabi mahayan ƙasar Hausa shi ne kibiya mai dafi. Kibiyar maharbanmu ba ta da nauyi, ƙyauro ne da ɗan ƙarfe mai kunne a kai, ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi kamar ta wasu ƙasashe. Ƙarfinta ba a zurfin shiga yake ba, a dafin yake, wanda ake dafawa da 'ya'yan kwankwani da wasu haɗe-haɗen da kowane gidan maharba ke ɓoye nasa. Ƙwarzane kaɗan ya isa. Doki kuma babban abin hari ne, ko makaho ya harba cikin rundunar dawaki sai ya samu wani. To ga sarki ya sayi ingarma da kuɗin da zai sayi bayi da yawa, ga wani maharbi da ko taguwa ba shi da ita zai iya kashe masa shi daga bayan kalgo. Lifidi shi ne amsar wannan lissafi.

Yadda ake yinsa kuwa aikin maɗinka ne, ba na maƙera ba. Ana shimfiɗa ƙyalle saƙi mai ƙwari, a jera masa audugar rimi, a ɗora wani ƙyallen a kai, sannan a bi da allura ana ɗinkewa layi-layi, kusa da kusa, don kada audugar ta taru wuri guda ta bar wani wurin fayau. A fuskar waje akan haɗa yanki-yankin ja da fari da baƙi da rawaya, shi ya sa ake hango 'yan lifidi tun daga nesa. Na doki yakan rufe wuya da ƙirji da gadon baya da cinyoyi, ya sauko har kusa da gwiwa. Mahayin yana da nasa: bantan lifidi da ke tsare ciki da cinya, da safa da ke rufe jiki na sama, da kumakumi a ƙirji. A kansa kuma ga kwalkwali, wanda sau da yawa tsummoki ne aka danƙara aka ɗinke, a rufe da ƙyalle ko farantin ƙarfe, a kafa gashin jimina a ƙololuwa. Idan kibiya ta faɗa wa wannan tulin auduga, sai zaren ya cinye ƙarfinta, ta maƙale tana reto, dafin ya ƙare a cikin audugar bai ga jini ba.

Sulke wani abu ne daban, kuma na wasu mutane ne daban. Riga ce ta zobban ƙarfe dubbai, kowane zobe ya sarƙe da huɗu na kusa da shi. A sulke na ƙwarai ana daddale bakin kowane zobe a huda a sa masa 'yar ƙusa, aikin da kan ci watanni. Nauyinsa kan kai kilo goma. Yana maganin saran takobi sosai, amma tsinin mashi ko siririyar kibiya na iya buɗa zobe, kuma ba ya hana ƙashi karyewa idan aka maka wa mutum gora ko gatari, shi ya sa ake sa wata riga mai kauri a ƙarƙashinsa. Mafi yawan sulken da ke fadojinmu shigo da shi aka yi ta hamada, daga Masar da ƙasashen Larabawan arewacin Afirka, a kan raƙuman da ke sauka Katsina da Kano da Barno. Wani masani ɗan Ingila, A. D. H. Bivar, ya bi fadojin Arewa yana duba irin waɗannan riguna zobe-zobe, ya buga littafi a kansu a 1964, ya nuna cewa wasunsu sun yi ɗaruruwan shekaru ana gadonsu. Abin da ya ƙetaro Sahara kuma aka gada kaka da kakanni, ai ba a jikin talaka za a gan shi ba. Sarakuna da manyan masu sarautar yaƙi, irin su Ƙaura a Katsina da Madawaki a Kano da Zazzau, su ke sa shi, sau da yawa a ƙarƙashin babbar riga.

Musulmi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan halaccin wannan. Alƙur'ani ya ambaci cewa Allah ya tausasa wa Annabi Dawuda ƙarfe ya koya masa saƙa sulke, kuma a ranar Uhudu Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sulke biyu ya haɗa. A ranar ne zobban hular ƙarfensa suka shige masa kumatu, har Abu Ubaida ya cire su da haƙoransa. Wanda duk ya ce sa rigar kariya raunin tawakkali ne, to bai karanta Sira ba.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne, 'yan lifidi, waɗanda suka fi kowa rufuwa a fagen fama, yawancinsu bayin sarki ne da barorinsa. Dokin na sarki ne, lifidin na sarki ne, a fada ake ajiye shi ƙarƙashin mai sarautar Lifidi ko Sarkin Lifidi. Ba don ransu ya fi na kowa daraja aka lulluɓe su ba, sai don aikin da aka ba su ya fi na kowa haɗari. Su ake turawa gaba su fasa sahun maharba, su ake matsawa da su gindin ganuwa inda kibau ke zuba, su ne kuma ke kewaye sarki idan rana ta ɓaci. Ganuwa ce mai tafiya, an gina ta da mutane. Dakaru, wato masu yaƙi a ƙasa, rabonsu garkuwa: kutufani da kwangwara manya, kunkeli ƙarama mai da'ira, ana yinsu da fatar ɓauna ko giwa ko ta sa, mafi daraja kuma ta warwaji da ke zuwa daga Azbin. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, daga 1731 zuwa 1743, aka fara kawo wasu garkuwoyi daga Nupe, kuma a daidai lokacin bindigogi suka fara shigowa. Kariya da abin da zai kashe ta sun biyo ayari ɗaya.

Lifidi na da nasa ciwon kai, kuma ba ƙarami ba. Da rani ake yaƙi, bayan an kawar da amfanin gona rafuka sun janye, wato lokacin da rana ke dukan ƙasa. Mutum da doki a cikin wannan kaya ba sa daɗewa ƙishirwa ba ta kama su ba. Dokin ba ya iya dogon sukuwa, dole kuma ya zama babba mai ƙarfi, irin wanda ake kawowa daga Barno ko Azbin, ba ƙuru ba. Auduga ba ta shiri da wuta. Idan kuwa mahayi ya faɗo, to sai dai zagagensa su ɗaga shi, don shi kaɗai ba zai iya komawa kan sirdi ba.

Bature Hugh Clapperton ya ga haka da idonsa a watan Oktoba na 1826, lokacin da ya iske Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi sansani a kan Gobirawa a garin Konya. Ya bayyana yadda sai mutum biyu sun taimaka kafin ɗan lifidi ya hau doki, da yadda aka matsa da su wajen ganuwa. Daga cikin garin wani mai bindiga ya ɗana wa na gaba, harsashi ya ratsa lifidin ya fita, mutumin ya zube, abokansa suka jawo shi baya. Bindiga guda, irin ta ɗuri da ake cusa wa albarushi ta baki, ta isa ta tsayar da su. Shekara uku kafin nan, abokin tafiyar Clapperton, Dixon Denham, ya ga dogaran Shehu Laminu a Barno sanye da sulke, ya kuma kawo zanen mahayan Bagarmi cikin lifidi, zanen da har yau ake bugawa a littattafan tarihi.

Ko ba bindiga ma, lifidi ya sha kunya tun kafin nan. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawakin lifidi da Buzaye masu taimaka masa. Jama'ar Shehu Usmanu, ƙarƙashin ƙanensa Abdullahi, dawakinsu ba su wuce ashirin ba, ƙarfinsu maharba ne. Maharban suka tsaya ba su watse ba, rundunar Gobir ta karye, aka kwashi dawaki da kayan yaƙi ganima. Amma ba a daɗe ba waɗanda suka yi nasara da baka suka koma su ne masu barga da lifidi da sulke, domin mai riƙon ƙasa buƙatarsa ta bambanta da ta mai neman ta. Kowace fada a daular Sakkwato ta tanadi nata 'yan lifidin, har Katsina, wadda ta faɗa hannun masu jihadi a 1807 Ummarun Dallaje ya zama sarki.

A nan ne labarin ya dawo kan mutanen kudancin Katsina. Sarakunan Haɓe da aka kora sun yi arewa suka kafa Maraɗi, kuma ba su taɓa haƙura ba. Kusan ƙarni na sha tara gaba ɗaya ya ƙare ne cikin hare-hare, musamman daga zamanin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore har zuwa Ƙaura Hasau na Maraɗin a ƙarshen ƙarni, suna ratsa dazuzzuka su faɗa ƙasar Katsina da Kano da Zazzau. Mahara ba sa zuwa da lifidi. Dawaki marasa kaya suke hawa, su yi sammako, su kwashi mutane da shanu su juya. Kafin labari ya kai fada, a buga tambari, a ɗaura wa dawaki lifidi, a kamo hanya, mahara sun daɗe da shiga daji. Rundunar da aka shirya don karon batta a fili ba ta da amfani ga macen da aka ɗauke a bakin rafi.

To da me manomi ya tsare kansa? Da ƙasa da ƙaya. Ganuwa, wadda ake fita gayya a ɗaga ta bayan kowace damina, da gwalalo a bayanta, da sarƙaƙiyar da ake bari ta yi duhu a kewayen gari yadda doki ba zai kutsa ba. Ƙananan ƙauyuka su yi kafi da itace. Inda akwai dutse a hau dutse. Aka riƙa barin fili a cikin ganuwa don a yi noma a ɗaure dabbobi idan an yi ƙawanya. Wannan ita ce rigar talaka, ta jama'a ce gaba ɗaya, kuma ba ta bin mutum gona.

Abin da ke bin sa gona shi ne laya. Bai kamata a yi maganar kayan kariya a ƙasar Hausa a tsallake wannan ba, domin a idon mayaƙin da, rigar layu da sulke abu ɗaya suke yi, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke sanye da su biyun. Taguwa ce ta saƙi, an rina ta ta yi duhu, an jera mata layu a gaba da baya, wasu cikin jar fata, wasu cikin fatar damisa ko ƙaho, har ta yi nauyi tana ƙamshin turare da tsohuwar fata. Ga guru a ƙugu, ga kambu a damtse. Kowanne da aikin da aka ce yana yi: maganin ƙarfe don kada kaifi ya kama, sagau don hannun abokin gaba ya sage, baduhu da layar zana don a ɓace. 'Yan tauri da ke wasa da wuƙa a bukukuwa ragowar wannan duniyar ne. Malamai sun daɗe suna gardama a kan halaccin abin, ba kuma nan ne wurin raba ta ba. Abin da za a iya cewa shi ne, laya ita ce kariyar da talaka ke iya saye, kuma tana ba shi abin da kowane kwamanda ke nema ga sojansa, wato ya tsaya kada ya gudu. Illarta ma a nan take, don takan tsayar da mutum a inda ya kamata ya kwanta.

Shekarar 1903 ta rufe babin lifidi a matsayin kayan yaƙi. Turawa sun fasa Kano ranar 3 ga Fabrairu. A ƙarshen watan, kusa da Kwatarkwashi, wadda ba ta da nisa da hanyar Funtuwa zuwa Gusau, mahayan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta kai hari kan wani Laftanar Wright da sojojinsa da ba su kai hamsin ba. Sojojin suka yi sahu mai kusurwa huɗu suna harbi, mahayan suka yi ta zuwa suna zubewa, Waziri ya rasu a wurin. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, aka ƙarasa a Burmi a watan Yuli. Katsina ba ta yi faɗa ba. Jarumtaka ba ta yi ƙaranci a waɗannan wurare ba, sai dai babu kaurin auduga ko zoben ƙarfe da zai tare harsashin bindigar Maxim.

Daga nan audugar yankin ta kama wata hanya. Turawa suka kawo sabon iri, aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, jirgi na kwasa zuwa teku don masaƙun Ingila. Lifidi kuma ya koma kayan hawa. Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Soro a Katsina ranar hawan Sallah, ko ya kalli Hawan Daushe a Kano, zai ga 'yan lifidi da 'yan sulke sun wuce a tawagar sarki, gashin jimina na rawa a kan kwalkwali. An fito da su a Kaduna a 1956 don Sarauniyar Ingila, an sake a 1977 lokacin bikin FESTAC, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Mai son ganin kayan kusa da kusa zai same su a Gidan Makama da ke Kano.

Dabarar maɗinkan lifidi dai ba ta mutu ba, ta sake kama ne. A 1965 wata masaniyar haɗa sinadarai a Amurka, Stephanie Kwolek, ta gano zaren da ake kira Kevlar. Rigar sulken da 'yan sanda ke sawa yau ƙyallayen wannan zare ne aka jera bisa juna, su kama harsashi su rarraba ƙarfinsa, daidai yadda audugar rimi ke yi wa kibiya. Sai dai ita kaɗai ƙaramar bindiga take tarewa. Harsashin AK-47 sai an zura mata faranti na ƙarfe ko na tangaran mai tauri a gaba da baya, nauyi ya ƙaru, zafi ya ƙaru, a koma kan kukan da ɗan lifidi ke yi a watan Maris.

Kudancin Katsina kuwa ya sake shiga irin halin da kakanni suka sani. Mahara sun dawo, a kan babura maimakon dawaki, daga dazuzzukan da suka haɗa Katsina da Zamfara da Kaduna. Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara sun fi ɗanɗanawa, a Ƙanƙarar ne aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Disambar 2020, kuma abin ya taɓa ƙauyukan Malumfashi da Kafur. Salon bai sauya ba: a zo da sauri, a ɗauki mutane da dabbobi, a koma daji kafin taimako ya iso. Motar sulke tana da amfani a kan kwalta da wajen tsare sansani, amma a lakar damina, tsakanin gonakin dawa da suka fi mutum tsawo, babur ya fi ta sauri. Garuruwa kuma sun daɗe da fita daga ganuwa, an yi gidaje a kan gwalalo, an sare sarƙaƙiya an yi gona.

A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar, matasa kusan 1,500 a zubin farko, aka ba su babura da motoci, har da masu sulke. Mataki ne da ya kai kayan kariya kusa da ƙauye fiye da yadda aka saba. Amma ɗan sa-kai na gari, wanda shi ke fara jin ƙarar babur da tsakar dare, har yanzu da bindigar toka da rigar layu yake fita. Ko yana da kuɗin rigar sulke ba zai shiga kasuwar Funtuwa ya saya ba, domin shigo da ita, kamar shigo da mota mai sulke, sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro a Abuja. Dalilin dokar a fili yake, kada kayan su faɗa hannun 'yan bindiga. Sai dai masu iya bin layin takardar su same ta su ne hukumomi da bankuna da manyan 'yan siyasa da attajirai.